Ruwan da Ke Cikin Bangonmu

Baban Auta,

"Rijiya ɗaya ta rage, ina gama ta na dawo gida ke nan." Kai ka faɗa a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, lokacin Auta ko igiyar takalmi ba ta iya ɗaurawa ba. Yau ita take koya mini sarrafa waya.

Bayan haka, ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya gwiwar? Da fatan shan maganin kake yi, ba yawo da shi a aljihu ba. Mu lafiya lau, in ka cire bango.

Ka san bangon falo da yake kumbura. Duk sanda na yi ƙorafi, sai ka aiko da fenti, in shafa. Shekaranjiya na janye kantar littattafai zan yi shara, sai yatsana ya nutse cikin siminti. Bututu ne ya tsage a ciki, ya daɗe yana tsiyaya. Kai da kake taka busasshiyar ƙasa ka ce a haƙa nan akwai ruwa, na gidanka ya gagare ka gani.

Littattafan layin ƙasa duk sun ruɓe, har da wanda kake karanta mini da yamma, kana canja murya, ina yi maka gyara. Rubutun fensirinka na gefe ya narke. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma ba takarda nake yi wa ba.

A zaunen nan abin ya fito mini fili. Rijiyoyi ba sa ƙarewa, kuma ka san haka tun a bakin ƙofar. Ba aiki ne ya riƙe ka ba, sabo ka yi da rashinmu. Ni na kasa. Har gobe kofi biyu nake saukowa da su da safe, in mayar da ɗaya.

Mai gyaran famfo zai fasa bangon Asabar ɗin ƙarshen wata. Ina so kana tsaye kusa da ni a fasa, kuma da dukan kayanka, ba jakar kwana biyu ba. In ba ka zo ba, zan karɓi tayin da aka yi mini na komawa koyarwa a wata makaranta, kusa da yayata. Ni da Auta da littattafan da suka tsira. Mabuɗi zai kasance wurin maƙwabciya. Kujerarka zan bar maka ita, na gaji da ganinta ba kowa a kai.

Auta tana gaishe ka. Allah Ya ba gwiwar lafiya.

Kada ka aiko da fenti.

Matarka,
Malama mai gyara