Motar Babanka Zagi Take Jira

Auta,

Na tafi asibiti, ban tashe ka ba.

Jiya bakanike ya juye baƙin man motar babanka, ya sa batir. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Na ce masa marigayi dukan murfin injin yake yi, ya ce mata "tashi, raguwa," sannan ya murza makulli. Bakanike ya ce ba ya zagin motar mamaci. Ni kuma ina buɗe baki sai kuka.

Kai ka ɗauko muryarsa. In bakanike ya dawo, ka zage ta sosai, ban da dariya. In ba ta tashi yau ba, gobe baffanka zai kira 'yan gwangwan.

In ta tashi, kar ka kashe ta sai na dawo na ji.

Ummanka