Jan Ƙarfe a Bututun Bindigata

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Jiya aladen daji ya yaga Jure. Yana asibiti a birnin Rijeka.

Matata Zlata ta ce na ci abincin rana. To, na ci ke nan.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Bari in rubuta yadda aka yi. Na faɗa wa 'yan sanda, na faɗa wa Ruza matar Jure, har bakina ya saba.

Jure ne shugaban mafarautan ƙauyenmu, shi ke raba wa kowa inda zai tsaya. Ya ajiye ni a bakin rafi, ƙasa da tsohon injin yankan katako. Karnuka suka taso wani ƙaton alade namiji, ya ɓullo a gabana, a fili, ba ma da gudu sosai ba. Na saita bayan kafaɗa, na ja kunamar bindiga. Harsashin ya same shi can baya, a ciki. Ya faɗa ƙurmi.

Ba a barin dabba da rauni a daji. Jure ya ce in tsaya inda nake, ya bi jinin da karensa. Na ji haushin kare, na ji harbi ɗaya, sannan shiru. Da na isa, aladen na kwance matacce, Jure na jingine da itace, haure ya tsarge masa cinya daga gwiwa zuwa sama. Na ɗaure da bel ɗina. Ya ce, "Vinko, matse mana. Ba jikarka kake ɗaura wa gyale ba."

Tun muna samari muke shiga daji tare. Shi ne babban abokina ranar aurena. Da motar asibiti ta tashi na tsaya ina kallon takalminsa guda ɗaya da suka bari. Tunanin da na yi shi ne takalmin zai jiƙe.

Talata, 8 ga Nuwamba

Ban taɓa kuskure daga wannan nisan ba. Akwai dalili.

Na buɗe akwatin ƙarfe, na fito da bindigar, na zare makullinta, na ɗaga bututun wajen taga. Ban ga sosai ba, amma kamar akwai ja-ja kusa da baki. Jan ƙarfe ne. Kowane harsashi da ya wuce sai ya bar ɗan bawonsa a ciki, a hankali ya taru, bindiga ta fara watsa harbi. Rabona da in yi mata wankin kirki tun bazara. Shi ne dalilin.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Na shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin. Da can a rumfar itace nake wannan aikin, lokacin ina amfani da ruwan wanki mai amoniya, wanda ko murfinsa ka buɗe sai ido ya kawo ruwa. Shi ya taɓa tayar wa Zlata da asma har muka kwana a asibiti. Tun daga nan na koma wannan marar amoniya. Ba ya wari, ba ya cin bututu ko ya daɗe a ciki. Sai dai yana son haƙuri.

A jiƙa ɗan ƙyalle, a tura daga baya ya fita ta baki. A wuce da burushin roba. A bar shi ya jiƙu. A tura busasshen ƙyalle.

Ya fito shuɗi sosai, alamar jan ƙarfe ke nan. Na nuna wa Zlata, na ce ga shi nan. Ta duba, ta ce, "Yaushe za ka je ka ga Jure?" Na ce bari in gama wannan.

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Shuɗi.

An sake shiga da Jure tiyata. Ciwon ya ruɓe, haure ba ya da tsabta. Zlata ce ta ɗauki wayar.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Ba wanda ya fita farauta yau. Na fasa itace, na gyara ƙofar kaji, na dawo teburi. Ina jiƙa bututun da safe, in bar shi har bayan abincin rana. Ina jera ƙyallayen a kan jarida don in ga ko launin na raguwa. Ba ya raguwa.

Zlata ta je Rijeka a bas da tulun miya da kek ɗin goro. Da ta dawo ban tambaye ta ba. Tana cire takalmi ta ce, "Likita ya ce in zazzaɓin bai sauka ba za su cire ƙafar. Ya tambaye ka."

Na ce me ya ce.

"Ya ce ko kai ma aladen ya cije ka ne."

Talata, 15 ga Nuwamba

Mun koma cin abinci a gefen teburin, bindiga ta cinye sauran wurin. Zlata ba ta yi ƙorafi ba. Gara ta yi.

Na je shago sayen ƙyalle. Mutane uku a ciki, ina shiga aka koma maganar dusar ƙanƙara. Ban damu ba. Abin da na lura shi ne ban damu ba.

Alhamis, 17 ga Nuwamba

Tena ta zo, 'yar Jure, wadda ke aikin gandun daji. A hannuna ta fara harbi tana 'yar makaranta, yanzu ita ma tana da 'ya'ya biyu. Ta rame. Ta zo karɓar takalmin babanta, ta tarar da ni a kan aiki.

Ta kalli jerin ƙyallayen. "Kawu Vinko, tun yaushe kake wannan?"

Na ce tun makon jiya, kuma har yanzu fita yake.

Ta ɗauki sandar gogewa, ta kwance ɗan kan da ake saƙala ƙyalle a jiki, ta ɗora shi a kan farin tsumma, ta ɗiga masa ruwan. Muna tsaye tsumman ya fara shuɗi.

"Na tagulla ne, akwai jan ƙarfe a cikinsa," ta ce. "Ruwan bai san bambanci ba, duk inda ya ga jan ƙarfe ci yake. Kayan aikinka kake wankewa."

Na san wannan. Ni na taɓa koya wa wasu. Ban san yadda aka yi ban tuna ba.

Ta ɗauko nata na roba a mota. Ƙyalle na farko ya fito da ɗan launi, na biyu fari, na uku fari. Ta leƙa bututun ta ce kamar madubi. Ta ce ranar Asabar mu je ramin dutse mu gwada, in dai hakan zai sa in kwashe kayan daga teburin Gwaggo Zlata.

Sai a bakin ƙofa ta yi maganar babanta. Zazzaɓin na nan.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Ramin dutse. Sanyi, ba iska. Tena ta kafa takarda, muka ɗora bindigar a kan buhun yashi.

Na ce bututun da aka wanke sai ya ɗan yi datti kafin ya daidaita, kada a lissafa harbin farko. Ta ce to. Na harba, na harba, na sake. Muka taka muka duba. Ɗaya a sama, ɗaya can hagu a gefen takarda, ɗaya ba mu gan shi ba. Na ce madubin saitin ya goce, wataƙila ya bugu ranar.

Ta kafa sabuwar takarda, ta zauna ta harba, ba ta taɓa madubin ba. Huda uku, duk a tsakiya, da babban yatsa za ka rufe su.

Muka daɗe a tsaye. Ta ce, "Kawu, karanta min lambar motata daga nan."

Na ce ai na san ta da ka.

"Rufe idon hagu ka karanta."

Na rufe. Motar tana nan, fara, kamar ana kallonta ta gilashin da ya yi raɓa. Na buɗe idon na ce sanyi ya yi yawa, mu tafi.

Ta sauke ni a gida. Ta sumbace ni a kumatu kamar kullum. Ban san dalili ba.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Na shafa wa bindigar mai na mayar akwati. Na ƙone jaridun da ƙyallayen a murhu. Zlata ta shimfiɗa mayafin teburi.

Ban je coci ba.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Na gwada da agogon bango. Na gwada da kalanda. Hagu lafiya. Dama, hazo.

Talata, 22 ga Nuwamba

Zazzaɓin ya sauka jiya da yamma. Ba za su cire ƙafar ba.

Zlata ta zauna a kan matakala tana kuka da waya a hannu. Na kawo mata ruwa. Sannan na je na duba kaji, alhali na riga na duba su.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Na je Rijeka.

Su huɗu ne a ɗakin. Jure ya tsufa, gemu ya fito fari, ƙafar na lulluɓe kamar gungume. Ya gan ni ya ce wa na gadon kusa, "Ga shi nan, maharbin da nake ba ka labari. In ya saita ka kada ka motsa, nan ne kawai ba abin da zai same ka."

Mutumin ya yi dariya har da tari. Na zauna. Na ajiye lemun da na kawo.

Na ce, "Jure, ba bindigar ba ce."

"Wa ya ce bindigar ce?"

Na ce idona ne. Na dama.

Ya daɗe yana ɓare lemu. Ban karɓa na ɓare masa ba don na san zai zage ni.

"Bara ka ɗaga wa kututturen itace hannu a ƙofar gidana, ka ce barka da asuba Ruza. Matata ta gani ta taga, har yau ba ta yafe maka ba." Ya sa lemu a baki. "Kana tsammani me ya sa nake ajiye ka a bakin rafi? Nan ne komai ke fitowa kusa. Na ce daga nan ko makaho ba ya kuskure."

Na ce me ya hana ka faɗa min.

"In faɗa maka ka daina zuwa? Da wa zan yi faɗa ranar Asabar?" Ya kalli silin. "Kai ka yi shiru, ni na yi shiru. Ƙafa ta biya. Raba laifin biyu, ɗauki naka, ka daina yi min fuskar jana'iza."

Likita ya ce zai taka da sanda, amma hawan dutse ya ƙare. Jure ne ya faɗa min da kansa, kamar yana faɗin farashin dankali. Da zan tafi ya riƙe hannun rigata. "Sashen ido na hawa na biyu. Kada ka ce ba ka gan shi ba, an rubuta da manyan baƙaƙe."

Na sauka hawa na biyu. Yanar ido ce ta rufe na dama, sun ce aikin ba wuya. Sun ba ni rana bayan sabuwar shekara.

A bas na yi barci har direba ya tashe ni.

Litinin, 28 ga Nuwamba

Na kai wa su Jure itace, na jera a ƙarƙashin rumfa. Ruza ta fito da kofi. Na ce barka da asuba, ta ce yau dai ka dace, ni ce.

Asabar, 3 ga Disamba

An koma farauta. Tena ce ke raba wurare kafin babanta ya dawo. Ta aiko cewa masu koro dabbobi daga ƙurmi sun yi kaɗan. Na ce zan duba.

Na tafi da sanda da jar riga. Rabona da shiga sahun masu kora tun ina saurayi, aikin yara ne da waɗanda ba su da lasisi.  Aka jera mu a gindin tudu, dusar ƙanƙara har ƙauri. Da aka busa ƙaho kowa ya fara ihu yana dukan itatuwa. Ni da farko sandar kawai nake bugawa. Wajen tsakiyar ƙurmi na ji wata murya ta fi ta kowa, ashe tawa ce. Ban daina ba har muka fita ɗaya gefen.

Sun samu aladu biyu. Harbi ɗaya ɗaya.

A bukkar mafarauta aka yi farfesu, na ƙara. Tena ta kira babanta ta sa wayar a tsakiyar teburi, ya bi kowa da zagi. Da ya zo kaina ya ce an gaya masa tun daga Rijeka ake jin kukan wani tsohon jaki.

Muryata ta dishe. Zlata ta haɗa min shayi da zuma, ta tambaya ko mako mai zuwa ma zan je. Na ce ban sani ba, ya danganta da ko suna da mutane.

Na sa safata a bakin murhu dai, don ta bushe.