Amalanken Albasar Inna

Zuwa ga Yaya Illa, a Abijan.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina baƙunta? Yaya iyali, yaya tumbin nan naka? Mu nan Galma lahiya lau.

Haushi ya sa ni rubutu. Mutanen koperatib, ƙungiyar manoma, sun zo ba da amalanken jaki ga gwanin sana'ar albasa, sunka tambayi kowa sirrin nasararshi. Alhaji Tanko yac ce, "Mu Adarawa da fatauci anka haihe mu." Agali Buzu yac ce kakanninshi sunka bar mishi sanin hanya. Da anka zo ga Inna, wadda ta riga kowa aje albasa cikin rudu, wato rumbun albasa, har ta yi tsada, sai tac ce, "Ni ban iya komi ba, albarkar maigida ce."

Nic ce, "Inna, Baban da ko warin albasa bai so?" Tac ce in kama bakina, mace ba ta yabon kanta.

Sunka ba Baba amalanke, ya ara ma Alhaji Tanko. Inna har yau bisa kai take kai kayanta kasuwa.

Ka rubuto mata, maganarka take ji. Ka sa mu addu'a, ka gaishe da matarka Hadiza.

Ƙanenka,
Sani