Gidan da Babu Namiji

Daura, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanwata Ikilima,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam Jafaru da yara. Yaya ƙafar taki, ta sake ki kuwa? Mu nan sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ce ba ta waya ba, don gidan nan ko tari na yi ana ji a soro, kuma yanzu akwai mutum a soron. Ɗanki ya dawo. Kin san wanda nake nufi, ɗan farin da bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Tunda aka rufe iyaka a Kongolam dakon kaya ya mutu. Mai babur ɗin da yake dakon da shi ya karɓe abinsa, matarsa ta kwashi yara ta tafi ganin gida, har yau ana ganin gidan. Ya shigo mini da 'yar jaka da tabarma, ya rame kamar kazar mayu. Amma wallahi na ji daɗi, Ikilima. Rabona da jin takun namiji a gidan nan tun rasuwar maigidana Malam. Shi ke ɗebo mini ruwa, har katangar da damina ta kayar ya tayar. Hatsin da kwamitin tallafi na unguwa ke ba ni duk wata, shi muke lallaɓawa mu biyu.

Murjanatu maƙwabciyata, uwar son jin ƙwaƙwaf, ta leƙo tana bugun cikina. Na ce mata ya dawo ne ya kula da ni, shago zai buɗe. To me zan ce? In tona masa asiri?

Ki gaida mutan gidan.

Yayarki,
Shatu

Daura, ranar Alhamis.

Ikilima ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji an yi wa 'yarki Amatullah baiko, Allah ya sa alheri.

Bakina ya ja mini, don abin da na faɗa wa Murjanatu ya zaga unguwa. Ranar rabo na ɗauki buhuna na tafi kamar kullum, sai Mai Unguwa Dabo ya ja ni gefe yana fara'a, yana yi mini barka wai Allah ya share mini hawaye. Ya ce ƙa'idar tallafin ta gidan da babu namiji mai ƙarfi ce, don haka an mayar da rabona ga wata mai marayu. Na dawo da buhun a naɗe cikin mayafi don kada a gani.

Ban ga laifinsa ba. Yaron nan shaddarsa ɗaya ce mai kyau, kullum sai ya wanke ta ya goge, ya tafi ya zauna a shagon Boniface mai kayan gyaran babur. Bawan Allahn nan benci kawai yake ba shi, wani lokaci ya aike shi ya ɗan sallame shi. Amma duk unguwa an ɗauka tare suke kasuwancin.

Na koma wurin Mai Unguwa na ɗan kewaya masa zancen. Ya ce in ba haka abin yake ba, in zo gaban kwamiti in faɗa da bakina cewa ɗan nawa ba shi da komai, ni ke ci da shi. A gaban sa'o'in ubansa fa, Ikilima! Ni da ko sunansa ba na faɗa, yaya zan tsaya in tuɓe masa riga a bainar jama'a?

Na sayar da akuyata, abin da ta kawo ya kusa ƙarewa. Yanzu in na tuƙa ɗan tuwo sai in ce masa na ci, shi kuma ya ce ya ci a waje. Haka tuwon zai kwana a rufe, kowa na bar wa ɗan'uwansa. Na rasa inda zan sa kaina. Ba roƙo nake yi ba, na san naku nauyin. Faɗa kawai nake don kada zuciyata ta fashe.

Taki,
Shatu

Daura, ranar Asabar.

'Yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam Jafaru. Lafiyar jiki dai da sauƙi.

Murjanatu ta fesa wa yaron nan komai, wai ita tausayi. Ya cika mini randuna, ya faskara itace ya tara, ya zauna muka ci tuwo kwano ɗaya, abin da ba mu taɓa yi ba tun yana yaro. Ni shashasha ina ta murna. Washegari bayan sallar asuba bai dawo ba.

Mai Unguwa da kansa ya zo mini da labarin, da buhun gero a bayan babur. Wai a ƙofar masallaci yaron ya tare shi ya ce, "Baba, gidanmu ya koma babu namiji. A mayar wa tsohuwa da hatsinta." Dattijon nan ya kasa haɗa ido da ni. Wasu sun ce sun ga yaron a tasha, wasu sun ce ya bi masu tafiya haƙar zinariya can arewa. Wayarsa a kashe. Shaddar ya bar ta a ninke kan tabarma.

Ga geron nan a jingine a ɗaki, ko bakin buhun ban kwance ba. In na dube shi sai in ga abin da aka ba ni a madadin ɗana. Kuma in ya dawo, su sake karɓewa, ya sake tafiya. Ki gaya mini, wace addu'a zan yi?

Don Allah in ya ɓullo ta wajenku a Kaduna, ki riƙe mini shi. Ki ce masa zan tsaya gaban kwamitin, ko kuma su riƙe geronsu mu sha ruwa mu kwanta. Ki ce masa uwarsa ta kira shi da sunansa, ga shi na rubuta da hannuna ki nuna masa: Harisu, ka dawo gida.

Wassalam. Yayarki mai jiran amsa,
Shatu