Sarƙar Wuyan Marbeli

Onelia 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ɗinkin kamfani bai ƙarasa miki ido ba. Hermelinda mai kanti ke rubuta mini, in kin ga kuskure nata ne.

Bari in tuna miki, tunda birni na sa mantuwa. A shekarar da guguwa biyu suka zo a jere, kogin Ulúa ya shiga coci har bagade, kika haifi Marbeli da tsagaggiyar ganɗa. Likitocin ƙetare suka zo suka ɗinke, suka ɗauki hoto da ita, suka hau jirgi. Har yau ta hanci maganarta ke fita. Uwarki Tránsito, kafin ta rasu, ta kai ta gaban Budurwa Mai Tsarki a cocin Suyapa, ta sa maƙeri ya liƙe mata sarƙa a wuya, ta yi alwashi ba za a cire ba sai ranar da yarinyar ta yi addu'a kowa ya gane.

Na kai ta asibitin da kika ce, ke kina bakin aiki. Wata likita ta nuna mana wata na'ura kamar tanda, ta ce maganaɗisu ne, ƙarfe ba ya shiga, a yanke sarƙar. Na ƙi, na ɗauko jikata muka hau mota.

Allah ya tsare ki.
Babanki, Ciriaco

Baba,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Ka san irin roƙon da na yi kafin a sa sunanta? Likitar ta ce akwai wata tsoka can ciki da ya kamata ta toshe hanyar hanci in ana magana. Sai Marbeli na kwance a na'urar tana furta kalmomi za su ga ko gajeruwa ce ko ba ta motsi. In ba wannan hoton, babu mai sake yi mata aiki. Sun ba mu wata rana a watan gobe, daga ita sun rufe.

Na tambayi Fada, limamin coci, ya ce a yanke, Budurwa ba za ta yi fushi ba. Don ta yi magana Mama ta yi alwashin nan, Baba.

Ka riƙa shan maganinka.
Onelia

Onelia,

Gaisuwa. Fadan naki yaushe ya zo ƙasar nan? Ni nake jan addu'ar matattu a ƙauyen nan tun kafin a haife shi. Na san wanda ruwa ya ci, na san wanda ya karya alwashi da yadda ya ƙare. Da za ta cika, uwarki hannuna ta riƙe, ba na Fada ba.

Abin da ban gaya miki ba, na tambayi likitar, hoton zai gyara mata baki? Ta ce, "Bincike ne, Don Ciriaco, ba zan yi maka alkawari ba." To, hoto an taɓa ɗauka. Su rubuta littafinsu da wuyan jikata, mu dawo mu ci wake?

Ni ina gane duk abin da take faɗa. Ke ce ba kya ganewa, don sai Kirsimeti muke ganinki. (Wannan ya yi tsauri, na gaya masa, ya ce in rubuta ko ya daina sayen kofi a wurina. Hermelinda.)

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji. Malamar Marbeli ta kira ni. Tun bayan Ista Marbeli ba ta buɗe baki a aji ba. Yara na toshe hanci suna kwaikwayonta. In tana son fita fitsari, sai ta nuna ƙofa.

Kai kana ganewa. Ranar da muka binne ka fa, wa za ta yi wa magana?

'Yarka

Onelia,

Na je makarantar na tsaya ta taga. Malama ta kira sunan Marbeli. Ta ɗaga hannu, ta kama sarƙar ta cusa a baki. A hanya na ce, "'Yar tsohuwa, me ya hana ki amsawa?" Ni ma kai ta girgiza mini.

Ban yarda da na'urarsu ba, ban kuma yafe maganarki ba. Gobe da safe zan je kabarin uwarki in faɗa mata da bakina, sannan in ari filaya wurin Nicomedes mai gyaran keke. Da hannuna zan yanke, laifin ya zauna a kaina. Kada ki gode mini.

Ciriaco