Mulikatu Ce Ta Cece Ni, An Ce In Ɓoye Mata

Anti Sharifa, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Koko da ƙosai nake sayarwa a unguwar Maamobi. Bara na samu ciki, Innata ta ce kada in gaya wa kowa sai ya fito da kansa, saboda kambun baka. Haka muka taso, na yi shiru. Marata ta fara ciwo ta gefe ɗaya, na ce iska ce, na ci gaba da suya. Wata safiya jiri ya ɗebe ni, kafaɗata tana zugi. Maƙwabciyata Mulikatu, wadda kullum muke faɗa a layin famfo, ta dube ni ta tambaye ni yaushe rabona da al'ada. Ba ta jira maigida ya dawo daga Kumasi ba, ta tare tasi ta kai ni asibiti. Ashe cikin a wajen mahaifa ya zauna, har ya fashe. Aka yi min aiki, na rayu. Wallahi har yau in na gan ta sai hawaye ya zo min, ko da masifa take min a kan bokiti.

Yanzu Allah Ya sake ba ni wani cikin, alhamdulillahi. Inna ta bugo waya daga Yamai ta ce in ɓoye, har da Mulikatu, wai bakinta ba ya shiru. Gaskiya kam ba ya shiru. Ni kuma ko ƙugi cikina ya yi sai gabana ya faɗi. Wane ciwo ne na haƙuri, wanne ne na gudu asibiti? Kuma in gaya mata?

'Yarki mai koko

'Yata, barka da arziki. Allah Ya saka wa Mulikatu da alheri.

Inna tsoro take miki irin nata. Ki ɓoye wa masu sayen koko, ba laifi, amma ban da asibiti. Tunda kin taɓa yin irin wancan, ki je awo a satin nan, a ɗauki hoto a ga inda wannan ya zauna.

Ɗan ciwon da yake zuwa in kin juya ko kin miƙe, ya lafa in kin huta, yawanci ba abin tashin hankali ba ne, ki faɗa ranar awo. Amma in ya yi tsanani, ko ya ƙi lafawa, ko ya zo da jini, zubar ruwa, zazzaɓi, jiri ko ciwon kafaɗa, ki sauke kasko ki tafi, kada ki jira kowa. Haka nan in cikin ya tsufa kika ji motsin ɗan ya ragu, ko kanki yana sarawa kina gani dishi-dishi. In kina shakka ma ki je, gara a dawo da ke gida ana miki dariya.

Mulikatu kuwa, ki gaya mata. Maigida yana hanya, Inna tana nesa, ita ce a bakin ƙofarki. Bakin nan da ba ya shiru shi ya tambaye ki abin da kowa ya ji kunyar tambaya. Ki lallashi Inna da wannan.

Allah Ya raba lafiya, Ya kai mu ranar suna.