Zainabu, Wadda Sunka Sani da Lili

Zuwa ga ƙanwata Zainabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta Musulunci, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ne yayanki Illa nake rubuto maki daga Madawa. Na san ba za ki karanta ba. Akwai waɗanda nake so su ji, amma da ke zan yi magana, don ke kaɗai kinka san gaskiyar abin da zan faɗi.

Kin san ni. Kwaleji ban ƙare ta ba na fito, kuma babu wanda ya riƙa mani hannu. Na kwanta ƙarƙashin motocin mutane a garaji har na iya kwance inji in mayar da shi. Ni na fara kai injin niƙa garinmu Babankatami. Kamiyona na farko, babbar motar kaya, ƙarfen da anka yar ne, na tada shi da hannuna, na kai albasa Abijan da shi. Na gina gidan siminti, na haƙa rijiya, na kai Inna Makka. Shekarar yunwa babu ɗan gidanmu da ya tsaya layin rabon tsaba. Ba kawu, ba komandan gwamnati, ba uban gida. Duk wanga ban taɓa roƙon a rubuta shi ko'ina ba. Abu guda nake so a rubuta, shi ne kuwa anka hana ni.

Ina tuna lokacin da Inna ta aiko ki Madawa ki riƙa yi mani tuwo, ina gwauro. Na sayo garmaho da faifan baƙaƙen Amirka, waƙoƙin nan da ake ce ma sol. Ba ki san ko kalma guda ta harshensu ba, amma kina wanke tukunya kina bin matar cikin faifan har inda take shaƙewa ta yi kuka. Na tsaya bakin ƙofa da baƙin mai a hannuna, na manta abin da ya kawo ni gida.

Da makaɗan zamani, ƴan orkes na Tawa, sunka zo gari, injin wutarsu ya mutu, ni anka kira. Kinka biyo ni da ƙwaryar fura. Suna gwada kiɗa da rana tsaka, babu ƴan kallo sai awaki, kinka ɗora murya kan jitarsu. Mai busa masu ƙaho ya sauke ƙahonsa ya zuba maki ido. Tun daga ranar nan na san tuwona ya rasa mai tuƙa shi.

Ni na kai maganar waƙarki ga Baba. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce gidanmu manoma ne, ba maroƙa ba, kakanninmu ba su taɓa ɗaga murya gaban jama'a don a yi masu kari ba. Ya ce: "In ta ɗauki waƙa, ta aje sunana." Bai zage ki ba, bai yi maki baki ba. Ke kuwa kinka yi mashi biyayya irin wadda ban taɓa gani ba. Kinka aje sunan.

Haka Lili ta samu. Gashin kanti mai tudu, wando mai faɗin ƙafa, da hoda mai kauri da kike shafawa har ta rufe tsagar gidanmu. Kin tuna wanzaminmu bahago ne, duk ɗan da ya tsaga a gidan Babanmu Malam Jibo layin ƙasa na kuncin hagu sai ya karkace. Wannan karkataccen layin shi kike fara cikewa kafin ki taɓa mikoro ki fara waƙa. Wanda duk ya tambaye ki, sai ki ce ke marainiya ce daga nesa. Kinka sa na rantse maki ba zan faɗi ba muddin Baba yana da rai.

Na riƙe alkawari, Zainabu. Ni da ba na cire hula ga kowa, na ɗauki gangunanku cikin kamiyona daga Tawa zuwa Keita, daga Keita zuwa Yamai, ana ce mani direban Lili. Wani ɗan gaye a Tamaske ya taɓa miƙo mani kati in kai maki, ya ce in na yi da kyau zai saya mani lemu. Na karɓa. Kinka yi dariya har hodar ta tsage, sannan kinka juya baya kinka share ido.

Da ciwon ƙirji ya kama ki, murya ta daina hawa inda take hawa. Waɗanda sunka yi rawa da waƙarki sunka koma ga sababbin yara. Na ce ki dawo Madawa, ga ɗaki, ga abinci. Kinka ce mani: "Yaya, muryar waƙa ce ta tafi, ta magana tana nan." Sai ga ki cikin ƴan wasan kwaikwayo.

Can ne kinka zama abin da kinka zama. Anka ba ki uwa ƴar ƙauye wadda ɗanta ya tafi cin rani bai komo ba. Mai shirya wasan ya ce uwar ƙauye ba ta shafa hoda. Kinka wanke fuska. Karo na farko kinka tsaya gaban jama'a da kuncinki na gaskiya, da tsohon zanen Inna a ƙugunki, babu wanda ya lura, kowa yana ta kansa da hawaye.

Da wasan ya zo Buza, a filin lakkwal, makarantar boko, bayan la'asar, na je na ɗauko Baba. Na ce mashi wa'azi ne kan ƴan cin rani. Idonsa ya riga ya yi hazo, ba ya rarrabe mutum da itace daga nesa. Anka kawo turmi tsakar fili, kinka fara daka kina kiran sunan ɗan nan da ya ɓace. Kinka jefa taɓarya sama, kinka tafa, kinka cafe, da ɗan jinkirin nan da Inna kaɗai take yi. Na ji hannun Baba ya damƙe gwiwata. Bai saki ba har anka tashi.

Munka shiga mota munka kama hanya har munka hango rumbunan gari. Sannan Baba ya ce: "Matar nan dakan uwarku take yi. A kai mata damin gero." Na kai maki. Kin ƙi bari a sussuka shi. Yana jingine a ɗakinki na Yamai har ƙwari sunka cinye shi.

Baba ya rasu da damina. Kinka ce in bari a share makoki, in bari ki ji sauƙi, sai mu je tare ki faɗi sunanki da bakinki. Na tafi Abijan da lodin albasa. A hanyar komowa, a wata tasha, ina shan shayi, rediyo ta ce Lili ta rasu, an riga an rufe ta, kuma marainiya ce, ba ta bar kowa ba.

Ba ta bar kowa ba! Ni kuwa ina zaune da kofi a hannu.

Na iso Madawa na shimfiɗa tabarmi ƙofar gida yadda ake yi. Mutane sunka zo suna tambaya wa ya rasu. Na ce ƙanwata. Sunka ce wace? Na ce Lili. Wani ya murmusa, wani ya duƙar da kai. Wani abokin cinikina ya dafa ni ya ce: "Alhaji, mun san ka yi mata tuƙi, Allah Ya ba ka haƙuri." Gaisuwar direba anka yi mani, Zainabu. Gaisuwar dangi ta tafi ga ƴan wasanku. Na naɗe tabarmina da kaina.

Yanzu na ji za su kafa hotonki a zauren da kuke wasa, da rubutu a ƙasa wai marainiya. Ba na jin haushinsu, abin da kinka gaya masu sunka riƙe. Amma wanda kinka ɓoye dominsa ya tafi, kuma kafin ya tafi ya aiko maki gero. Ni dai ban san wata yafewar da ta fi wannan ba a bakin manomi. In ba su yarda da ni ba, su kafa hoton nan na wasan uwa, wanda babu hoda. Zan zo in tsaya gefensa, su dubi kuncinmu na hagu, ni da ke.

Allah Ya jiƙan ki, Abu tawa, ƴar autar Inna. Allah Ya yafe maki, Ya haskaka kabarinki da ban samu sa ki ciki da hannuna ba. Allah Ya haɗa ki da Baba inda babu mai aje sunan wani. Amin.

Su kuwa masu rubutun, su rubuta haka, kada su rage ko harafi: Zainabu Jibo ta Babankatami. A ƙarƙashinsa su sa sunana. Ba direba ba.

Yayanki, uwa ɗaya uba ɗaya,
Illa Jibo